ABIN DA YA SA LAUNI KE SAƁAWA A TAGAR UMARNI TA KWAMFUTA

Duk ma'aikacin da aikinsa da kwamfuta ya wuce danna hotuna ya san wata taga, galibi baƙa, wadda a ke rubuta wa inji umarni a cikinta da kalmomi, shi kuma ya mayar da jawabi da kalmomi. Masu sana'ar suna kiranta taminal, mu kuwa a nan za mu riƙa ce mata tagar umarni. Ta cikinta ne mutum ya kan shiga kwamfutar da ke wani gari yana zaune a kujerarsa, ya duba lissafi, ya kwafi fayil, ya gyara abin da ya lalace.

To, akwai wata wahala da ta daɗe tana damun masu aiki da wannan taga, watau maganar launi. Mutum ya zauna a ofis ya ga rubutu ya fito tsaf, kuskure da ja, abin da ya yi daidai da kore, sunayen folda da shuɗi. Ya tashi ya koma kan wata kwamfuta ya ba da umarnin nan guda, sai ya tarar rawaya ta koma ruwan ƙasa, shuɗi ya nutse cikin baƙi har ba ya karantuwa, ko kuwa launin ya ɓace ɗungum. Wani lokaci ma sai ya ga waɗansu baƙaƙe kamar [31m da [0m sun watsu cikin rubutun kamar tsakuwa a shinkafa.

Wani zai ce ai wannan maganar ado ce, ba ta kai a ɓata tawada a kanta ba. A'a, ta kai. Mu ɗauka akawu ne ya sa inji ya kwafe fayil ɗin albashi zuwa wani wuri, injin ya rubuta gargaɗi cewa kwafin bai kammala ba, amma gargaɗin ya fito da launin da ya saje da bangon tagar. Akawu bai gani ba, ya goge na asali. Ko kuwa malami ya haska darasi a majigi, 'yan aji na baya ba su ga rabin abin da ke allo ba. Saboda haka ya kamata a san inda matsalar ta ke, gama wanda ya san asalinta ba zai sha wuyar gyara ta ba.

ASALIN AL'AMARI

Tsofaffin akawuna za su tuna da ƙyallen tafireta mai baƙi a sama da ja a ƙasa. In mutum na son ja, sai ya tura wani ɗan ƙarfe da yatsa, shi ke nan. Wannan da sauƙi, don hannun mai bugu yana jikin injin. Amma a farkon zamanin kwamfuta, injin da ke lissafi yana wani ɗaki, ko ma wani gari, na'urar da mutum ke zaune gabanta kuwa tana nan, ba abin da ya haɗa su sai waya. Wayar nan ba ta ɗaukar kome sai haruffa, ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan na'urori akwai Teletype Model 33 ta 1963, wadda ke buga jawabin kwamfuta a kan naɗaɗɗiyar takarda.

Da aka bar takarda aka koma allon gilashi, sai tambaya ta taso: ta yaya za a gaya wa na'ura ta share allo, ko ta koma layi na sama, ko ta sāke kamannin rubutu, ta hanyar wayar da ba ta san kome ba sai haruffa? Dabarar da aka yi ita ce aka yi amfani da wani harafi wanda ba a ganinsa. A tsarin ASCII, wanda ya ba ko wane harafi lambarsa daga 0 zuwa 127, lamba 27 sunanta ESC. Aikin wannan harafi irin na zagi ne, yana tafe a gaba yana shaida cewa abin da ke biye da shi umarni ne, kada a rubuta shi a allo, a aikata shi.

Da fari ko wane kamfani ya ƙaga nasa umarnin, har ya zama manhajar da ta yi aiki a na'urar wannan sai ta zubar da shirme a ta wancan. Cikin 1976 wata ƙungiyar masu ƙera kwamfuta ta Turai ta fitar da ƙa'ida mai suna ECMA-48, cikin 1979 kuma hukumar ƙa'idodi ta Amurka, ANSI, ta fitar da irinta mai lamba X3.64. Na'urar da ta sa wannan ƙa'ida ta bazu ita ce VT100 ta kamfanin DEC, wadda ta fito cikin 1978. Abin mamaki, ita kanta VT100 ba ta da launi ko kaɗan. Yanzu waɗannan na'urori sun zama kayan tarihi, amma tagogin da mu ke buɗewa a kwamfutocinmu kwaikwayonsu su ke yi, har yau da harshensu a ke yi musu magana.

SUNA ƊAYA, RINI DABAM

Ga yadda umarnin launi ya ke. Manhaja za ta aiko da ESC, sa'an nan baka mai kusurwa, sa'an nan lamba, sa'an nan harafin m. Lamba 30 zuwa 37 na launin rubutu ne, 40 zuwa 47 na launin bango. Jerinsu kuwa shi ne baƙi, ja, kore, rawaya, shuɗi, shunayya, shuɗi mai ɗauke da kore, da fari. Watau 31 na nufin a fara rubutu da ja, 44 na nufin a mai da bango shuɗi, 0 kuwa na nufin a koma yadda a ke da.

A nan ne gizo ke saƙa. Manhaja ba ta aiko da launi, lamba ta ke aikowa. Ƙa'idar kuma ta ambaci sunan launi kaɗai, ba ta faɗi irin zurfinsa ba. Kamar mutum ne ya aika wa marina uku da farin ƙyalle, ya ce wa ko wanne a rina masa shuɗi. Na farko ya tsoma sau biyu, na biyu sau biyar, na uku ya yi ta tsomawa har ya kusa zama baƙi. Ba wanda ya saɓa umarni a cikinsu, amma in aka jera ƙyallayen ba za a ce abu guda aka aika ba.

A allon kwamfuta ana haɗa ko wane launi daga fitilu uku, ja da kore da shuɗi, ƙarfin ko wacce daga 0 zuwa 255. In an aiko da 31, tagar xterm ta kan kunna jar fitila a kan 205, tsarin VGA na tsofaffin kwamfutoci kuwa a kan 170. In an aiko da 34, xterm ta kan sa shuɗi a kan 238, VGA a kan 170, tsohuwar tagar Windows kuwa a kan 128 kacal, wanda a kan baƙin bango sai mai kaifin ido ke karanta shi. Cikin 2017 ne kamfanin Microsoft ya sāke wannan jeri ya haskaka shuɗin. Ita kuwa rawayar da ke komawa ruwan ƙasa, gadon katin CGA ne na IBM na 1981, inda aka rage ƙarfin koren da ke cikin rawaya mai duhu da gangan.

Katin CGA ya bar wani gadon kuma. Yana da launi 16, takwas masu duhu da takwas masu haske. A ƙa'ida, lamba 1 na nufin a kaurara rubutu ko a ƙara masa ƙarfi, sai aka mai da ita hanyar samun masu hasken. Daga baya IBM ta ba masu hasken lambobinsu a tagarta ta aixterm, 90 zuwa 97 na rubutu, 100 zuwa 107 na bango. Har yanzu tagogi sun rabu a kan wannan. In manhaja ta aiko da 1 tare da 30, wata taga za ta nuna ruwan toka, wata kuwa ta nuna baƙi mai kauri, wanda a kan baƙin bango ba a ganinsa sam.

Bayan haka, mai kwamfuta yana da ikon sāke launukan nan 16 yadda ya ga dama. Akwai wani jeri da ya yi suna, Solarized, wanda Ethan Schoonover ya fitar cikin 2011. A samfurinsa mai duhu, gurbin baƙi mai haske yana ɗauke da ainihin launin bango. Saboda haka duk manhajar da ta rubuta wani abu da lamba 90, rubutun zai ɓace wa mai wannan jeri, alhali yana nan a allon.

DAGA 16 ZUWA MILIYAN 16

Da aka ga launi 16 bai isa ba, cikin 1999 aka ƙara wa xterm jeri mai 256. Lissafinsa haka ya ke: 16 na farko su ne na da, 216 an samo su ne ta raba ko wace fitila mataki shida, shida sau shida sau shida, sauran 24 matakan ruwan toka ne daga mai duhu zuwa mai haske. Ana kiransu da 38;5 sa'an nan lambar launin, misali 38;5;196 ja ne zur. Amfanin wannan jeri shi ne 240 na ƙarshe kusan iri ɗaya su ke a ko wace taga da ta san shi.

Mataki na gaba shi ne manhaja ta faɗi ƙarfin ko wace fitila da kanta, da 38;2 sa'an nan lambobi uku. Tun da ko wace fitila tana da mataki 256, jimlar launukan ta kama 16,777,216. Amma nan ma an sami saɓani. Ƙa'idar ITU mai lamba T.416 ta ce a raba lambobin da ruwa biyu, masu rubuta tagogi kuwa suka saba raba su da waƙafi mai ruwa. Illar ta biyun ita ce tagar da ba ta san wannan umarni ba ta kan ɗauki ko wace lamba da ma'anarta dabam. A wurinta 5 na nufin rubutu ya riƙa ƙyaftawa, 2 na nufin ya dushe. Shi ya sa wani ya kan nemi launi ya sami rubutu mai ƙyafta ido.

Kada kuma a zaci duk tagogi sun kai wannan mataki tare. Tagar Terminal da ke zuwa da kwamfutocin Apple ta daɗe tana tsaye a kan 256, sai cikin 2025 da fitowar macOS 26 ta sami cikakken launi. Baƙin allon Linux, wanda a ke gani in ba a ta da manhajar hotuna ba, ya kan karɓi umarnin ya nuna wanda ya fi kusa daga cikin 'yan launukan da ya ke da su.

LITTAFIN SUNAYE

Tun da tagogi sun bambanta haka, yaya manhaja za ta san wadda ta ke magana da ita? Cikin 1978 Bill Joy, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya tsara wani littafi mai suna termcap, inda aka rubuta ko wace na'ura da abin da ta iya. Daga baya Mary Ann Horton ta tsara terminfo, wanda shi a ke aiki da shi yanzu a Linux da macOS. Sa'ad da aka buɗe taga, ta kan ajiye sunanta a wani gurbi mai suna TERM. Manhaja ta karanta sunan, ta buɗe littafi, ta ga launi nawa aka rubuta wa mai wannan suna, ta yi aiki da abin da ta gani.

Watau manhaja ba ta ganin tagar, suna kaɗai ta ke gani. In an sa TERM ya zama xterm, littafi ya kan ce launi 8, ko da tagar ta iya miliyan 16. In an sa xterm-256color, ya ce 256. In an sa vt100 ko dumb, ya ce babu. Tagogi da yawa da ba xterm ba su kan ari sunan xterm-256color don sun san ko wane littafi yana ɗauke da shi, ko da ya ke halinsu bai zo daidai da nata ta ko wace fuska ba.

Maganar cikakken launi kuwa, an daɗe littafin ba shi da gurbin rubuta ta, sai cikin 2018 da fitowar ncurses 6.1. Kafin nan jama'a suka ƙaga wani gurbi na biyu, COLORTERM, wanda a ke rubuta truecolor ko 24bit a cikinsa. Al'ada ce kawai aka yi ta bi, ba wata hukuma da ta kafa ta, amma manhajoji masu yawa shi su ke dubawa.

MASU SHIGA TSAKANI

Wahalar ta fi yawa in saƙo ya bi ta hannun wani. Sa'ad da mutum ya shiga kwamfuta ta nesa da SSH, sunan da ke TERM ya kan bi shi can, amma littafin da za a buɗe na can ne. In tagarsa sabuwa ce mai sunan kanta, irin kitty ko Ghostty, injin nesa kuwa tsoho ne, ba za a sami sunan a littafi ba, manhaja ta ce ba ta san wannan taga ba. Shi kuwa COLORTERM bisa al'ada ba ya bin mutum, sai an shirya haka a ɓangarorin biyu. Wannan ne ya sa launi kan yi kyau a gida ya dushe a nesa.

Akwai kuma manhajoji irin su tmux da GNU Screen, masu raba taga ɗaya gida-gida, su kuma riƙe aiki ko da waya ta yanke. Ko waccensu taga ce a cikin taga. Tana karɓar umarni daga manhaja, ta fassara, ta sāke aika wa tagar waje, abin da ba ta iya ba kuwa ba zai wuce ta ba. tmux ta iya cikakken launi tun 2016, amma sau da yawa sai an gaya mata tagar waje ta iya. GNU Screen kuwa sai a bugu na 5.0 na 2024.

Su kuwa baƙaƙen nan da ke watsuwa cikin rubutu, su kan fito ne in an tura jawabin manhaja cikin fayil, ko zuwa wurin da bai san zagi ba. ESC ba a ganinsa, sai abin da ke bayansa ya bayyana tsirara. Manhaja mai ladabi ta kan tambaya tukuna ko taga ce a gabanta, in ba taga ba ce ta bar launi. Wannan ce ma'anar auto a umarnin ls --color=auto. Mai son karanta fayil mai ɗauke da launi sai ya buɗe shi da less -R.

Windows ta bi tata hanyar shekara da shekaru. A zamanin DOS akwai ANSI.SYS mai fassara waɗannan umarni, amma tagar Windows ba ta jin su, sai manhaja ta roƙi Windows kai tsaye ta sāke launi. Cikin Nuwamba 2015 ne aka koya wa tagar Windows 10 wannan harshe, da sharaɗin manhaja ta kunna shi da kanta. Sabuwar Windows Terminal ta fito sosai cikin Mayu 2020. Har yanzu tsohuwar manhajar da ba ta kunna shi ba ta kan zubar da baƙaƙe a tsohuwar taga.

ABIN YI

Matambayi ba ya ɓata. Wanda launi ya saɓa masa, ya bi waɗannan matakai bi da bi, kada ya yi ta sāke-sāke a makance.

Na farko, ya gwada tagar ita kaɗai. Ya rubuta printf '\033[31mGwaji\033[0m\n' ya gani. Wannan 033 ita ce 27 a lissafin takwas-takwas, watau ESC. In kalmar ta fito da ja, taga ba ta da laifi. Sa'an nan ya sa 38;5;196 a madadin 31, daga nan kuma 38;2;255;0;0, ya ga inda iyakarta ta ke.

Na biyu, ya rubuta echo $TERM ya ga sunan da tagar ta ba da, sa'an nan tput colors ya ga abin da littafi ya ce. In taga ta iya 256 littafi ya ce 8, sunan ne bai dace ba. A gyara shi a cikin shirin tagar kanta. Kada a kafe suna ɗaya a fayil ɗin da ke tashi duk sa'ad da aka shiga inji, gama ran da aka shigo ta wata taga dabam sunan zai zama ƙarya.

Na uku, in matsalar a nesa ta ke, a kwafo bayanin tagar da infocmp, a shigar da shi littafin can da tic. In a cikin tmux ne, TERM ya zama tmux-256color ko screen-256color. A kuma riƙa cire masu shiga tsakani ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka cire launi ya dawo, a wurinsa gyaran ya ke.

Ga malamai masu koya wa yara rubuta manhaja, akwai ladubba uku da ya kamata su shiga darasi. A duba ko taga ce kafin a aika da launi. A mayar da lamba 0 bayan an gama, don kada a bar wa na baya jan allo. A kuma girmama NO_COLOR, wata al'ada da aka fara cikin 2017, wadda in mutum ya sa ta yana nufin ba ya son launi ko kaɗan. In kuwa za a zaɓi launi, a tuna wani bangonsa baƙi ne, wani fari. Takwas ɗin farko su kan bi jerin da mai kwamfuta ya zaɓa wa idonsa, launin da aka kafe da lambobi uku kuwa ba ruwansa da bangon kowa.

Mafi girma duka, kada a ɗora wa launi ma'ana shi kaɗai. Cikin mazan da asalinsu Arewacin Turai ne, wajen mutum ɗaya cikin 12 ba ya rarrabe ja da kore sosai, kuma ba wata al'umma da ba ta da irinsu. Manhajar Git, in za ta nuna gyaran da aka yi wa fayil, ta kan sa layin da aka cire da ja, wanda aka ƙara da kore, amma duk da haka tana sa alamar ɗebewa a gaban na farko da ta tarawa a gaban na biyu. In launi ya ɓace, magana tana nan. Haka ya kamata ko wane gargaɗi ya zama: a rubuta kalmar KUSKURE ɓaro-ɓaro a farkon layi, sa'an nan in an so a rina ta da ja. Da akawun nan namu ya sami haka, ko da launin ya saje da bango a wata kalma, da wuya ya goge fayil ɗin albashi bai ankara ba.